Salsalar Shan-inna: Yadda Aka Karanta Asalin Wata Cuta Daga Kano Zuwa Jawa

Bahaushe bai yarda da abin da ba shi da asali ba. In baƙo ya sauka a gari, kafin a ji abin da ke tafe da shi sai an ji ɗan wane ne, kuma daga ina ya fito. In kuwa neman aure ne, sai an tura dattawa sun bi diddigin dangi har kaka da kakanni. Maroƙan fada da wannan suke ci, domin su ne ke riƙe da salsalar sarakuna da ka. Ko a nan Kubwa, garin da kusan kowa baƙo ne, wanda ya cika ya batse bayan da gwamnatin tarayya ta taso daga Ikko a watan Disamba na 1991, da wuya mutum biyu su gama gaisawa a masallaci ko a kasuwa ba su tambayi juna garinsu ba. Wannan maƙala tana magana ne a kan wata irin salsala da magabatanmu ba su san da ita ba, wato salsalar ƙwayar cuta, da kuma yadda fasahar karanta ta ta shigo ƙasar Hausa ta ƙofar shan-inna.

Rubutun da ke cikin jiki

A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam akwai wani siririn zare, wanda masana ke taƙaita sunansa da DNA, mu kuma za mu kira shi zaren gado, tun da shi ne ɗa ke gada daga uwa da uba. An jera wannan zare da sinadarai iri huɗu, waɗanda aka laƙaba wa haruffan A da C da G da T, kuma yadda suka biyo juna shi ne saƙon. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Friedrich Miescher, shi ya fara tsamo sinadarin a 1869, daga mugunyar da ke jikin tsummokaran ɗaurin miki. A 1953 Watson da Crick suka bayyana siffarsa a Kambirij ta Ingila, suna dogaro da hotunan da Rosalind Franklin ta ɗauka a Landan. Amma sanin siffar allo daban, iya karanta shi daban. Sai a 1977 Frederick Sanger ya fito da dabarar karanta haruffan ɗaya bayan ɗaya, ya gwada ta a kan wata ƙaramar ƙwayar cuta mai haruffa kimanin 5,400.

Na ɗan Adam kuwa haruffa ne kimanin biliyan 3. Aikin karanta su ya ci shekara 13, daga 1990 zuwa 2003, ya kuma lashe kusan dala biliyan 3. Daga wajen 2005 aka fara samun na'urorin da ke karanta miliyoyin guntaye a lokaci guda, kwamfuta ta harhaɗa su, farashi ya yi ta faɗuwa har ya kai wajen dala 1,000 a 2014. A wannan shekara ce kamfanin Oxford Nanopore ya fitar da wata na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda aka ɗauka a jaka zuwa ƙasar Gini a 2015 domin bin sawun Ibola.

Ɗalibin adabi ya fi kowa saurin gane amfanin wannan karatu, domin aikinsa ne. Wanda ya taɓa zama da tsofaffin rubuce-rubucen ajami a Gidan Arewa na Kaduna, ko a cibiyar Waziri Junaidu da ke Sakkwato, ya san ba a juya littafi da hannu ba tare da kuskure ba. A rubutunmu na Magaribi, ɗigo ɗaya a ƙasa ko a sama shi ke raba "fara" da "ƙara". Ɗigo ɗaya shi ke mai da "rana" ta zama "zana". In almajiri ya ɗora ɗigo inda babu, duk wanda ya juya daga nasa zai gaji wannan ɗigo, ya kuma ƙara nasa kuskuren a kai. Saboda haka in manazarci ya tara kwafe goma na waƙa ɗaya, ta bin kurakuransu zai iya cewa waɗannan uku uwarsu ɗaya, wannan kuma kakarsu ce. Haka ƙwayar cuta take. Duk sa'ad da ta hayayyafa juya kanta take yi, kuma takan yi tuntuɓe.

Ƙwayar shan-inna tana da haruffa kimanin 7,500, kuma an karance su tun 1981. Zarenta ɗan'uwan DNA ne da ake kira RNA, sai an juya shi zuwa DNA kafin na'ura ta karanta. Masu bin sawunta ba su cika karanta ta duka ba. Wani sashe suke dubawa mai haruffa kimanin 900, wanda ke canzawa da kusan harafi ɗaya cikin ɗari a kowace shekara. Ke nan ƙwayar tana ɗauke da agogo a jikinta. In aka sami wadda ta bambanta da 'yar'uwarta mafi kusa da fiye da ɗaya da rabi cikin ɗari, masana kan kira ta marainiya, ma'ana ta daɗe tana yawo daga yaro zuwa yaro ba wanda ya gan ta.

Kano, 2003

Sunan da muka ba cutar ya isa ya nuna yadda muka ɗauke ta. Inna dai sananniya ce a cikin iskokin bori, kuma ita aka ce ta shanye ƙafar yaro. Elisha Renne, wadda ta yi bincike a Zariya, ta rubuta littafi guda a kan wannan a 2010. Duniya kuwa ta ɗaura yaƙi da cutar a 1988, lokacin da take nakasa yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. A 1996 Nelson Mandela ya ƙaddamar da gangamin korar ta daga Afirka. Daga nan ne masu ɗigo suka fara bin gida gida, suna rubutu da alli a ƙyaure, suna shafa wa yaro tawada a ƙaramin yatsa, abin da har yanzu ake gani a unguwannin Kubwa.

Ita wannan shekara ta 1996 tana da wani tarihin a Kano. Sanƙarau ya ɓarke, kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200, rabinsu aka ba su sabon maganin, rabi kuma wani maganin da aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya yi ɓarnar, iyaye kuma suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Shari'a ta ja har 2009, aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Abin lura a nan shi ne, da aka zo biyan diyya, gwajin zaren gado aka gindaya domin tantance su wane ne dangin yaran na gaskiya, kuma a watan Agusta na 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu. Ta wannan ƙofa mai ɗaci ce Kanawa da yawa suka fara jin sunan DNA.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A tsakiyar 2003 jita-jita ta bazu cewa an gauraya ɗigon shan-inna da maganin hana haihuwa. Dakta Datti Ahmad, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci, kuma likita, ya nemi a dakatar a bincika. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka tsai da rigakafin. Sauran suka koma ba da jimawa ba, amma gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta riƙe har ƙarshen watan Yuli na 2004. Zargin bai tabbata ba, kuma ba gaskiya ba ne. Duk da haka tambayar da talaka ke yi a lokacin ba ta wauta ba ce: me ya sa ake biyo ni har ɗaki da maganin cutar da ban cika gani ba, kyauta, alhali in zazzaɓi ko ƙyanda ya kama ɗana sai na sayar da akuya? Ba a ba shi gamsasshiyar amsa ba, sai aka yi ta ƙara yawan zagaye.

A 2002 yara 202 aka tabbatar shan-inna ya kama a Nijeriya. A 2006 sun haura 1,100. Ita kuwa ƙwayar ba ta san kan iyaka ba, kuma a nan ne karatun haruffa ya nuna aikinsa. Duk yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, akan ɗebi bayan gidansa sau biyu, a sa a ƙanƙara, a kai ɗakin gwaje-gwaje na Ibadan ko na Maiduguri. In an sami ƙwayar, a wancan lokaci sai a aika da ita Atlanta ta Amurka a karanta. Haka kowace ƙasa ke yi da nata, a tara sakamako wuri guda, a zana bishiyar dangi.

Ga abin da bishiyar ta nuna. Ƙwayar arewacin Nijeriya ta shiga Cadi, daga nan ta ɓulla a Darfur ta Sudan a 2004, ta gangara har gaɓar Bahar Maliya. Ta ƙetara Saudiyya da Yaman, inda ta nakasa yara 478 a 2005. A watan Maris na wannan shekara wani yaro da bai cika shekara biyu ba ya kwanta a yankin Sukabumi na tsibirin Jawa, a ƙasar Indunusiya, wadda rabonta da cutar tun 1995. Da aka karanta ƙwayar da ke cikinsa, sai ga ta jikar ta ƙasar Hausa, ta reshen Sudan da Saudiyya. Kafin a kashe wutar, yara fiye da 300 sun nakasa a can. Tsakanin 2003 da 2006 ƙasashe kimanin 20 da suka riga suka rabu da cutar ta koma musu daga wannan tushe. Wani abin al'ajabi shi ne, ɗigon da ya kwantar wa gwamnatin Kano hankali har ta janye dakatarwar, daga Indunusiya aka sayo shi, domin ƙasar Musulmi ce.

Mai karatu da ya san tarihi zai ga cewa wannan hanya tsohuwa ce. Ita ce hanyar da alhazan ƙasa suka bi shekaru aru-aru, ta Barno da Wadai da Darfur zuwa Sawakin, ita ce kuma jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka bi bayan yaƙin Burmi na 1903, har suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Haruffa ba su faɗi sunan wanda ya ɗauki ƙwayar ba, kuma ba za su iya ba, tun da mafi yawan masu ɗauke da ita lafiyarsu lau. Cikin mutum ɗari biyu da ta shiga, kusan ɗaya take shanyewa. Sun dai nuna inda ta kwana da tsawon zaman da ta yi. Daga baya Saudiyya ta wajabta wa maniyyatan Nijeriya, babba da yaro, karɓar ɗigon, sai ga dattawan da suka hana jikokinsu suna buɗe baki a filin jirgin Jidda.

Adalci ne a faɗi cewa laifin bai tsaya a Kano ba. Ƙwayar ba ta kama wuta sai inda ta tarar da busasshiyar ciyawa, kuma a Sudan da Yaman da Jawa ta sami ɗimbin yaran da ba a yi wa rigakafi ba. A shekarun nan kuma irin wannan karatu ya nuna cewa shan-innan da ya ɓulla a Angola daga Indiya ya fito.

Mai shaida ba ya zaɓen wanda zai kunyata

Da haruffan sun tsaya a kan tona asirin masu ƙin ɗigo, da sai mu ce kayan aikin hukuma ne kawai. Amma sun juyo kan hukumar ma. Ɗigon baki ƙwaya ce mai rai da aka raunana. Yaron da aka ɗiga wa yakan fitar da ita a bayan gida, kuma in ta sami unguwar da yawancin yara ba su da kariya, sai ta yi ta tsalle daga ciki zuwa ciki, tana tuntuɓen juyi, har ta maido da ƙarfin da aka cire mata. Daga 2005 aka fara samun yara a Arewa da irin wannan ta shanye, kuma karatun haruffa kaɗai ya iya bambanta ta da ta daji. Ba a fito fili an yi bayani ba sai a 2007. Zuwa 2011 yaran sun kai kimanin 400. A ganina jinkirin nan kuskure ne babba, domin al'ummar da ke zargin ana ɓoye mata wani abu, ba abin da ya fi cutar da ita kamar ta gano lallai an ɓoye. Gaskiyar maganar kuwa ba ta goyi bayan masu ƙi ba, domin ƙarancin ɗigo ne ke ba rikiɗaɗɗiyar ƙwayar filin yawo.

Abubuwa sun gyaru sannu a hankali, bayan da sarakuna suka shigo ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar a 2009. A 2011 aka fara ɗibar ruwan magudanai a birnin Kano, a 2012 a Sakkwato, ana tacewa ana karanta abin da ke ciki, ta yadda kwata kan ba da labarin unguwa tun kafin wani yaro ya faɗi. Aikin ya ci rayuka: ranar 8 ga Fabrairu, 2013, 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, galibinsu mata. A watan Yuli na 2014 aka sami yaro na ƙarshe a jihar, a ƙaramar hukumar Sumaila. A watan Satumba na 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sunan Nijeriya daga jerin ƙasashen da cutar ke zaune, aka yi ta murna.

Murnar ba ta cika shekara ba. A watan Agusta na 2016 aka sami yara biyu a jihar Barno, ɗaya a Gwoza ɗaya a Jere. Tambayar farko ita ce, daga ina? Da daga waje aka shigo da ita, da da sauƙi. Da aka karanta, sai aka tarar marainiya ce: 'yar'uwarta mafi kusa ita ce wadda aka gani a Barno a 2011. Wato shekara biyar cur tana yawo a garuruwan da Boko Haram ta rufe, inda ba mai ɗigo da ke shiga, ba mai ɗibar samfuri da ke fita, alhali takardun ofis a Abuja da Janiba suna nuna sifili. Ban san wata shaida da ta fi wannan bayyana abin da yaƙin ya yi wa talakan Barno ba. Yara huɗu aka samu a shekarar, na ƙarshe a Monguno, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, kwamitin da Farfesa Rose Leke ta Kamaru ke shugabanta ya shelanta cewa Afirka ta rabu da shan-innan daji. Da cutar ta ɓulla a Malawi da Mozambik a 2022, haruffa suka nuna baƙuwa ce daga Fakistan, shi ya sa ba a ƙwace shaidar ba. Rikiɗaɗɗiyar kuwa ta ci gaba da ɓarna, musamman a Sakkwato da Zamfara da Kabi da Katsina, kuma a Nijeriya aka fara amfani da sabon ɗigon da aka gyara wa haruffa domin ya yi wuyar rikiɗa, a watan Maris na 2021.

A cikin waɗannan shekaru karatun ya fara dawowa gida. Ɗakin binciken Farfesa Christian Happi na Jami'ar Redeemer's yana cikin waɗanda suka tabbatar da Ibolar da ta sauka a Ikko a watan Yuli na 2014, kuma a farkon Maris na 2020 a can garin Ede aka karanta ƙwayar korona ta farko a nahiyar Afirka, 'yan kwanaki bayan samun mai cutar na farko a ƙasar.

Harafin da ya fi daɗewa a hannu

Shan-inna ya sami wannan gata ne domin yana iya hawa jirgi. Akwai wata cutar da ba ta yaɗuwa sai ta aure, kuma ita ce cutar gado ta farko da aka gano kuskuren rubutunta. Amosanin jini ke nan, ko sikila. Tun a 1957 Vernon Ingram ya nuna a Kambirij cewa sinadari ɗaya ne tak ya canza a cikin jan jini, daga baya aka tabbatar harafi ɗaya ne cikin biliyan 3: inda ya kamata a rubuta GAG, an rubuta GTG. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, ɗan Nijeriya da ke aiki a Amurka, suka karanta zaren mutum kusan 3,000, suka kai ga cewa ɗigon ya faɗa ne sau ɗaya, a jikin mutum ɗaya, shekaru kimanin 7,300 da suka wuce, lokacin Sahara tana da tafkuna da ciyawa. In haka ne, duk mai AS a Kano da Ibadan da Bahiya ta Barazil kakansu ɗaya. Ya yaɗu ne domin wanda ya gaji kwafi ɗaya yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai kisa. Wanda ya gaji biyu shi ke biyan bashin.

An auna girman bashin a ƙasar Hausa tun da daɗewa. A binciken zazzaɓi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi daga 1969 zuwa 1976 a Garki (ta jihar Jigawa ta yanzu, ba Garkinmu ta Abuja ba), Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa sun tarar kimanin jarirai biyu cikin ɗari ana haifar su da SS, amma a cikin manya da ƙyar ake samun ko ɗaya. Ba sai an faɗi inda suka tafi ba. Kiyasin da aka fi ambatawa shi ne jarirai 150,000 ake haifa da cutar a Nijeriya kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya.

A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, magani na farko da ke gyara rubutun zaren gado a cikin ɓargon majiyyaci. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, ban da makonnin kwanciya a asibitin da ke iya dashen ɓargo. Abin da ya iso gare mu ya fi wannan araha nesa ba kusa ba, kuma ba ya ma bukatar karanta haruffa. Ɗaya shi ne gwajin jini kafin aure, wanda jihar Kano ta mai da doka a watan Mayu na 2024, sai ga tsohon binciken asali na dattawa ya koma takardar asibiti. Ɗayan kuma gwajin jarirai ne, domin yaron da aka gane da wuri, aka riƙa ba shi fenisilin da maganin zazzaɓi da alluran rigakafi, yana da kyakkyawar damar ya girma.

An gwada wannan a nan kusa da mu. Daga 2017 zuwa 2019 Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da ayarinta suka shiga ɗakunan shan magani na ƙaramar hukumar Gwagwalada, a ranakun da iyaye mata ke kawo jarirai rigakafi, wato layin da ake ba da ɗigon shan-inna. Da ɗigon jini daga jikin jariri da wani ɗan tsinken gwaji da kuɗinsa bai wuce 'yan daloli ba, sakamako kan fito cikin mintoci. Sun gwada jarirai sama da 3,600. Ɗaya cikin biyar AS ne, 55 kuma suna da cutar. Aka buɗe musu shirin karɓar fenisilin da maganin ƙarin jini kyauta. Kashi uku cikin huɗu na iyayen suka kai 'ya'yansu, sauran ba su shiga shirin ba.